Shuɗɗan Butocin Shef Mamman

Ranakun aiki da yawa sun wuce mini kamar ban yi su ba, amma Alhamis ɗin da na hana darakta buta tana nan a kaina har yau. Madam sakatariyar ƙungiyar ma'aikata ta ce in faɗa ta rubuta saboda ku sababbin shiga, tunda ni ban yi lakwal ba, wato boko, ko albashi da dangwalen yatsa nake karɓa. To ku saurara, ba na maimaita magana.

Sunana Hajo, amma a garejin kowa Inna yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Shekara ashirin da wani abu na yi a wannan kamfani na manyan motocin kaya da ke bayan lambunan Gamkalley. Matsayina manebur ne, wato na can ƙasa, babu kowa a ƙarƙashina sai tsintsiya. Ni ke cika gangunan ruwa na wurin alwala, in wanke butoci, in share masallaci da bayi da ɗakin masu gadi. Idan mace za ta shiga ko za ta fita, ni ke duba kayanta a ƙofa, don namiji ba ya kwance ƙunshin mace. A sama akwai darakta. Ƙarƙashinsa akwai shef na ma'aikata, mai riƙe da takardun kowa, shi ke rubuta wa mutum takardar neman bayani in ya yi laifi, kafin a zauna a kansa. Sai shef na motoci mai ba direbobi makulli, sai shef gadi da mutanensa a ƙofa.

A kusurwar yamma akwai rumfar Madam Afi, wata ƴar Togo da ta daɗe a Yamai har Hausarta da Zabarmancinta sun fi na wasu ƴan gari. Da rana shinkafa da miya take sayarwa. In an tashi aiki sai ta buɗe firij ta fito da kwalabe. Tana da takardar izini, a rataye jikin ginshiƙi cikin leda. Ba ta sayar wa wanda bai tuɓe kayan aiki ba, kuma ba ta ba mutum fiye da kwalba biyu. In ya matsa sai ta ce ya je gidan tsohuwarsa ya ƙarasa. Masu sha a fili suke zaune, kowa na ganinsu. Shef na motoci kan bi ta wurin da yamma kamar mai neman wani abu, ya ƙare wa fuskoki kallo, gobe wanda ya daɗe a benci ba zai samu makullin doguwar tafiya ba.

Ni ban taɓa son rumfar nan ba, kuma ban ɓoye ba. Ina share masallaci ina jin ƙarar buɗe kwalba. Da aka kawo sabon darakta, Alhaji Sanusi, mutumin Damagaram, mai tsoron Allah na gaske, ni na tara dattawan gareji muka je muka same shi, kuma ni na yi magana. Bai yi mako ba ya sa aka liƙa takarda a ƙofa. An hana giya cikin gareji, sayarwa da sha. Wanda aka kama kora ce nan take, ba takardar neman bayani, ba zama. Aka ɗora wa shef gadi, Mamman, bincike da kai rahoto. Madam Afi ta sayar da firij ɗinta ta tsaya kan abinci. Ranar da aka fitar da shi ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Mama, kin ji daɗi?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Daga nan sai gaisuwa kawai tsakaninmu.

Wata biyu zuwa uku bayan haka na fara ganin abin da ya faranta mini rai. Mutanen da ban taɓa gani da buta ba sai ga su da buta. Direbobi, makanikai, masu loda kaya, kowa ya wuce riƙe da ita kamar ya ɗauki jariri. Na yi hamdala, na ce an rufe cinikin giyar rumfa zukata sun buɗe. Har na faɗa wa Malam Sidi, tsohon direban da ke mana limanci. Ya dube ni ya ce, "Inna, ni dai sahu bai ƙaru ba."

Wannan maganar ta sa na buɗe ido.

Butocin kamfani masu zane ne, kore da ɗorawa, na san kowace da tabonta. Sababbin nan shuɗɗa ne, guda biyar zuwa shida, an ɗaura wa kowace tsumma a mariƙi, an toshe bakinta da leda. Ba sa zama a gindin ganga, a ɗakin masu gadi suke, ƙarƙashin gado. Duk Asabar nakan tattara butoci in wanke da toka da yashi. Na kai hannu kan ɗaya, Shef Mamman ya ce, "Inna, bar waɗannan. Rubutu ne a ciki, wani malami ke yi mana na ciwon baya." Na janye hannuna, don ba a wasa da rubutu.

Amma ni ke wanke bayi. Mutum ya shiga da buta cike, ya daɗe, ya fito da ita ba nauyi, in shiga bayansa in tarar da daɓen a bushe ƙarau. Ya fito yana tauna goro da citta kamar an sa shi dole. Kuma wane Musulmi ne zai shiga bayi da rubutu? Ko yaron da bai kai goma ba ya san ba a yi. Wata safiya ina shara a ɗakin masu gadi na zare ledar ɗaya na kai hanci. Sai da idona ya kawo ruwa. Barasa ce fara tas kamar ruwan famfo, irin wadda ake kawowa daga ƙasashen bakin teku, amma warinta ya fi na giya, har da na abin da masu fenti ke wanke hannu da shi.

Sauran na haɗa shi a hankali, da ido da kunne, don mai shara ba a ganinta, ana magana a gabanta kamar gaban bango. Masu gadi ke shigo da ita da safe cikin bido, wato jarka, wai ruwan rijiyarsu ne, na famfo yana ɓata musu ciki. Wa zai binciki mai bincike? A ɗakinsu ake ɗurawa cikin butoci. Ka biya, ka ɗauki buta, ka shiga bayi, ka dawo da ita. Babu mai tare mutum da buta a hannu ya tambaye shi ina za shi. To amma daga ranar da ka sha sau ɗaya, ka zama nasu. Shef Mamman na da sunanka, kuma kalma ɗaya daga bakinsa kora ce. Direba ya fara zuƙe musu man gazuwal daga tankin mota. Makaniki ya fitar da sabon ƙarfe ya mayar da tsoho, a wuce da shi ta ƙofa ba wanda ya gani. Masu tafiya arewa aka fara ba su bido su sauke a garuruwan hanya. Wani mai loda kaya da bai taɓa sha ba a rayuwarsa ya yi musu gardama, aka kai rahoto an ji wari a bakinsa, aka kore shi a yini ɗaya. Bayan shi ba wanda ya ƙara ɗaga murya. A da muna da masu sha. Yanzu muna da masu sha, da ɓarayi, da masu tsoro, kuma shef na motoci yana ba da makulli a makance, don ba ya ganin kowa a benci.

Za ku ce me ya hana ni magana. Zan faɗa muku gaskiya, tunda na tsufa. Kunya ce. Ni na nemi dokar nan da bakina a gaban dattawa. In koma in ce ga abin da ta haifa, ya yi mini nauyi. Na ce bari in ƙara tabbatarwa, na yi ta tabbatarwa har makonni suka wuce.

Sai wata Litinin cikin bazara Lawali ya faɗi. Makaniki ne ɗan Maradi, mai ƴaƴa huɗu, hannunsa na da kyau a inji. A zamanin rumfa kwalba ɗaya yake sha ranar Asabar ya hau kekensa ya tafi gida. Aka jawo shi daga ƙarƙashin mota yana amai yana cewa hayaƙi yake gani. A likita, wato asibiti, aka ce abin da ya sha ne, akwai guba ciki, kuma idonsa sai abin da Allah ya yi. Darakta ya zo da kansa, ransa a ɓace, ya ce a nemo masa mai sayarwa.

Talata da hantsi Shef Mamman ya nemo. Bido guda, a bayan rumfar Madam Afi, an rufe da buhu. Aka taru. Ita tana tsaye da ludayi a hannu tana ce wa darakta, "Ba nawa ba ne, patoro, ban san shi ba." Wa zai yarda? Ita ce mai giya a idon kowa. Darakta ya ce a rufe rumfar, ranar Juma'a da safe za a miƙa ta ga ƴan sanda tare da bidon, a kuma rushe wurin.

Ni kuwa na share bayan rumfar nan da sassafe a ranar, kamar kullum. Babu bido, babu buhu. Da mutane suka watse na je na duba. Zanen tsintsiyata na nan a kan yashi, kuma a kansa sawun takalmi ne mai ƙusoshi, shiga da fita. Madam Afi silifa take sawa. Masu gadi kaɗai kamfani ke ba irin wannan takalmi.

Da yamma na je likita. Lawali na kwance an ɗaure masa ido, matarsa na yi masa fifita. Na ce, "Ɗan nan, ka san matar nan ba ita ba ce."

Ya ce, "Inna, masu gadi sun riga ki zuwa dubiya. In na faɗi inda na samu, na amsa na sha ke nan, kora ce. Da me zan ciyar da su, ga ido babu?"

Ban matsa masa ba. Dokar da na roƙo ita ta ɗaure masa baki.

Laraba na bi hanyar da aka tsara. Manebur shi kaɗai ba ya ganin darakta kai tsaye, sai ta wurin shef na ma'aikata. Na sami shef ɗin, Isufu, da muke ce wa Mushe irin na Faransanci, a buronsa, wato ofis, na faɗa masa komai a tsaye, don bai ce in zauna ba. Ya saurara yana juya biro. Ya ce, "Kina da shaida a rubuce?"

Na ce, "Mushe, ka san ban iya rubutu ba."

Ya ce, "To sawun takalmi a yashi ba ya shiga takardun dosiye. Ki koma kan aikinki, Inna."

Na sunkuya in ɗauki tsintsiyata, sai idona ya sauka ƙarƙashin teburinsa. Shuɗiyar buta, da jan tsumma a mariƙi. Na yi masa sai an jima.

Ban kai ƙofa ba Shef Mamman ya tare ni da ledar sukari da shayi. Ya ce, "Inna tamu, ga ɗan abin kari. Shekarunki sun kusa cika, ki lallaɓa ki ƙarasa lafiya. Tsufa ba pansiyo akwai wuya."

Na ce, "Mayar da kayanka, ɗan nan. Ina da sukari a gida."

Ya yi dariya. Ya ɗauka na ji tsoro, kuma bai yi ƙarya duka ba, na ji. Amma na san abu biyu da bai lissafa ba. Alhamis ce ranar da motocin arewa ke loda kaya, ranar cinikinsu ce, ba za su iya barin butoci ba kowa. Kuma Alhamis ce kaɗai darakta ke baro buronsa na cikin gari ya yi azahar tare da ma'aikata. Ba ni da hanyar shiga ofishinsa, amma shi dole ya zo wurina, don wurin alwala nawa ne.

Ranar da hantsi na kwashe butocin kamfani kaf, na jiƙa su cikin ruwan toka a bayan bayi. Ba Asabar ba ce, amma ba wanda ya kula. Da rana ta take, motoci suka yi layi a ƙofa, masu gadi duk suka fita duba takardu. Na shiga ɗakinsu da tsintsiya kamar kullum, na fito da butoci biyar cikin bahon wanki, na rufe da zane. Na jera su a gindin ganga, na zare ledojin bakinsu, na zauna a kan kujerata.

Malam Sidi ya kira salla. Mutane suka fara zuwa. Duk wanda ya san butocin nan, da ya hango su sai ya rage tafiya, ya tsaya gyaran takalmi. Waɗanda ba su sani ba na ce su dakata, akwai dalili. Aka yi cirko-cirko. Sai ga darakta, Mushe Isufu na gefensa, Shef Mamman na biye. Alhaji Sanusi ya naɗe hannun riga ya sunkuya zai ɗauki ɗaya. Na dafe ta.

"Ranka ya daɗe, dakata. Ba taka ba ce."

Ya ɗago ya dube ni. Bai saba a hana shi abu ba, amma yana da kunyar tsofaffi. Ya ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Butocin Shef ne, daga ɗakinsa na ɗauko tunda namu na jiƙe. Bari mai su ya fara." Na ɗauki mai farin tsumma, wadda na san tasa ce, na miƙa masa da hannu biyu. "Shef, bisimilla. Yi alwala."

Ya ce, "Ina da alwala, Inna."

Na ce, "A gabana ka fito daga bayi ɗazu."

Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye. Shef Mamman ya ce ai ya faɗa mini rubutu ne, ba a alwala da rubutu. Malam Sidi ya matso ya ce, "Rubutu baƙi ne, Mamman. Zuba a tafinka mu gani. In rubutu ne ni zan sha in yi maka addu'a."

Shef Mamman ya karɓi butar. Ina kallon hannunsa. Mutumin nan ya saci mai, ya sa an kori bayin Allah, ya ɗora wa mace laifin da zai kai ta kurkuku, bai ji komai ba. Amma ya tsuguna gaban liman da jama'a ya yi bisimilla ya kurkure baki da abin nan, ya wanke fuska ya shiga sahu, wannan ya gagare shi. Ya tsaya riƙe da ita, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa.

Darakta ya miƙa hannu ya karɓe, ya tuntsurar da ita a kan siminti. Rana ce ta bazara, simintin ya yi zafi. Warin ya tashi ya bugi kowa har sahun baya. Ya ɗauki ta biyu ya zuba, ya ɗauki ta uku.

Na ce, "Akwai ta shida, ranka ya daɗe, mai jan tsumma. Tana ƙarƙashin teburin Mushe."

Mushe Isufu ya buɗe baki, darakta ya ɗaga masa hannu. Ya aiki shef na motoci ya je ya dubo. Kafin ya dawo na ɗauko butocinmu na ɗauraye na cika, aka yi alwala aka yi salla, don lokaci ba ya jiran rigima.

Bayan la'asar aka kira ni buron da darakta ke sauka in ya zo gareji, karo na farko da na zauna a kujerar wurin. Darakta ya riga ya sanar cewa duk wanda ya zo ya faɗi gaskiya a ranar ba za a kore shi ba, kuma layin da ya taru a ƙofarsa ya fi sahun azahar tsawo. Shef Mamman da masu gadi uku da Mushe Isufu su aka miƙa ga hukuma da safiyar Juma'a. Aka cire kwaɗon rumfar Madam Afi.

A zaman nan na buro darakta ya ce mini, "Inna, ke kika zo kika roƙe ni dokar nan. Yanzu me kike cewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, giya haram ce jiya, haram ce yau, bakina ba zai ce a dawo da ita ba. Amma lokacin da take rumfa na san masu sha, shef na motoci ya san su, kuma ba wanda ya makance. Mun ɗauke ta daga hannun matar da ke da takarda da ƙa'ida, mun sa a hannun mai riƙe da ƙofa, mun kuma ba shi wuƙar yanka duk wanda ya yi magana. Da ni da kai muka yi."

Ya ce, "Da ni da ke."

Hanin bai tashi ba, har yau ba a sha cikin gareji. Abin da ya canza shi ne, kalmar mai gadi ita kaɗai ba ta korar kowa. An dawo da takardar neman bayani da zama, da wakilin ma'aikata a wurin. Wanda aka ji wari a bakinsa a karɓe makulli a tura shi gida, a yi magana gobe. Bincike kuma ba ya zama hannun mutum ɗaya fiye da wata guda, kuma ana binciken masu gadi kamar kowa. Lawali ya dawo da ido ɗaya, aka sa shi a magaze, wato ɗakin ajiya, yana ba da kayan gyara. Mai loda kayan da aka kora bisa ƙarya an neme shi ba a same shi ba, an ce ya tafi Agadas. Wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kansa, don da na yi magana da wuri da yana nan.

Ku da kuka shigo yanzu, ga abin da na koya. In aka kafa sabuwar doka a wurin aiki, kar ku tsaya murna ko fushi a kan takardar da aka liƙa. Ku dubi wanda aka ba ikon kamawa, ku dubi ko akwai mai kama shi. In abin da aka hana ya ɓace daga ido farat ɗaya, bai tafi ba, ya koma inda ba ku duba ne. Kuma kar ƙanƙantar aikinku ta sa ku raina abin da kuka gani. Darakta ya san kamfani a takarda, ni na san shi a daɓen bayi, kuma ranar nan nawa sanin aka bukata.

Madam Afi kuwa ba ta zo ta yi mini godiya ba, ni ma ban je neman ta ba. Har na bar aiki ban taɓa zama a rumfarta ba. Ta san ra'ayina a kan tsohuwar sana'arta, na san nata a kaina. Amma ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki, ta hana kowa taɓa tukunya, ita ta dafa. Ta zubo da hannunta ta ajiye a gabana ta ce, "Mama, sai kin shinshina tukuna?"

Na ce, "Na riga na shinshina tun daga ƙofa."

Na ci, na miƙa mata kwanon ta ƙara.